Yadda Ake Daidaita Nauyin Aiki a Babbar Kwamfutar Menfirem

Duk wanda ya taɓa bin layin cire kuɗi a titin Ahmadu Bello da ke Kaduna ranar da albashi ya shigo ya san yadda jira yake idan aiki ya taru wa na'ura. Ma'aikacin da aka damƙa wa kula da menfirem, wato babbar kwamfutar IBM da asalinta ke komawa ga System/360 ta shekarar 1964, tambaya ɗaya ce ke gabansa a irin wannan rana: wane aiki ne zai fara samun firosesa (ɓangaren da ke sarrafa lissafi a kwamfuta), wane ne kuma zai dakata? A z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da menfirem, manhajar raba nauyin aiki da ake kira WLM ce ke yanke wannan hukunci. An fito da ita a 1994, kuma ƙa'idarta ita ce kai ka faɗi burin da kake so kowane aiki ya cimma, ita kuwa ta riƙa raba ƙarfin na'ura, tana sake lissafi duk bayan daƙiƙa 10.

Matakin farko shi ne aunawa kafin a taɓa komai. Ka tattara rahotannin RMF (manhajar auna aikin na'ura) da bayanan SMF (rajistar da tsarin ke rubuta abubuwan da ke gudana a cikinsa), musamman nau'i na 70 da ke nuna yawan amfani da firosesa, da na 72 da ke nuna halin kowane rukunin aiki. Ka haɗa na wata guda cur, har da ƙarshensa, domin awon ranar da kasuwa ta yi sanyi ba zai nuna maka inda gizo ke saƙa ba.

Daga nan sai ka rarraba ayyukan rukuni-rukuni: hada-hadar CICS (manhajar gudanar da ma'amaloli nan take) da abokin ciniki ke tsaye yana jiranta daban, ayyukan Db2 (rumbun adana bayanai) daban, ayyukan da ake tarawa a gudanar da dare daban, na gwaji ma daban. Tsarin ya yarda da rukuni har 100, amma shawarata ita ce ka taƙaita, saboda a kowane zagaye WLM kan taimaki rukuni ɗaya ne, kuma idan rukunan sun yi yawa bayanan da take tarawa game da kowanne ba sa isarta yin hukunci mai kyau.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne buƙatar natsuwa, shi ne sanya buri. Hada-hadar da ke ƙarewa da sauri a ba ta burin lokacin amsa, misali kashi 90 cikin 100 su kammala cikin rabin daƙiƙa. Aikin da ke gudana ba yankewa a ba shi burin sauri, daga 1 zuwa 99, wanda ke auna rabon lokacin da aikin ke amfani da na'ura idan aka haɗa shi da lokacin da yake jira. Aikin da babu mai gaggawarsa kuwa a bar shi ya ci abin da ya rage. Bayan haka a ba kowane buri, ban da na wannan aikin na ƙarshe, matakin muhimmanci daga 1 zuwa 5. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin kowane shugaban sashe zai zo ya ce nasa aikin ne na ɗaya, kuma idan ka biye musu duka, ranar da na'ura ta cika WLM ba za ta sami wanda za ta rage wa ba. Ka zauna da shugabannin, ku amince a rubuce cewa biyan albashi da cire kuɗi suna gaba da rahoton da za a karanta gobe.

Sai duba ma'aunin PI, wanda ke kwatanta abin da rukuni ya cimma da burin da aka sa masa. Idan ya nuna 1 an cika buri daidai, idan ya haura 1 an gaza. Rukunin da aka sa wa matsakaicin rabin daƙiƙa amma yake ɗaukar daƙiƙa guda, ma'auninsa 2 ne. Wanda kuma kullum yake ƙasa sosai, kamar 0.3, burinsa ya yi sako-sako, kuma ba zai kare shi ba ranar cunkoso.

Idan rukuni ya gaza, ka buɗe Monitor III na RMF ka ga abin da yake jira: firosesa, ma'adana, faifai, ko wani aiki da ya riƙe masa fayil. WLM ba ta gyara umarnin SQL (harshen neman bayanai daga rumbu irin Db2) da aka rubuta ba daidai ba, don haka irin wannan sai a mayar wa masu rubuta manhaja.

Ka kuma lura da kuɗi. A tsarin biyan lasisin da ya dogara da matsakaicin amfani na awa huɗu, awon da ya fi yawa a wata shi ke ƙayyade abin da za a biya, saboda haka matsar da manyan ayyukan tari daga lokacin cunkoso, ko tura waɗanda suka cancanta zuwa firosesa ta musamman mai suna zIIP, da aka fito da ita a 2006 wadda aikinta ba ya shiga wannan lissafin lasisi, yana rage kashe kuɗi. Kowane gyara ka yi shi shi kaɗai, ka rubuta rana da dalili, ka jira ƙarshen wata ya zagayo, sannan ka kwatanta sabon rahoton nau'i na 72 da na baya kafin ka taɓa buri na gaba.