Sababbin masu motsa jiki, ga kurakuran da na gaji da gani

Wallahi bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya fara motsa jiki, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Abin da ya kamata ku fara sani, atisaye ba ya canja DNA ɗin da aka haife ku da shi, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinku, abin da yake yi shi ne ya kunna wasu ƙwayoyin gado ya rage wa wasu ƙarfi a cikin tsoka da kitse. Yawancin kurakuran daga rashin gane wannan suke.

Babba a cikinsu, tara atisaye a rana ɗaya. Mutum zai kwana shida a zaune daga kujerar ofis sai mota sai gado, ranar Asabar ya zo da sabon kambas ya ce sai ya yi awa uku, ya tafi gida yana ɗingishi, ba za ka sake ganinsa ba sai wata Asabar ɗin in ma ya dawo. Wannan tsarin ya taɓa ci min gwiwar dama, har yau in sanyi ya shigo sai ta tuna min, don haka in na yi zafi a kai ku yi haƙuri. Akwai ƙwayar gado da ake kira PGC-1 alfa, ita ke ba tsoka umarnin ƙara maitokondiriya, wato 'yan injinan da ke ƙona suga da kitse su ba ka ƙarfi. In ka motsa sosai saƙonta yana tashi cikin 'yan awanni, amma wutar kara ce, kafin kwana ɗaya ya cika yawanci ya sauka. Haka ma sauƙin da tsoka ke samu wajen janye suga daga jini, kwana ɗaya zuwa biyu ne ya fara gushewa. To kai da ka kunna sau ɗaya a sati me kake so ya taru? Ban ce bai fi zama ba, ya fi, amma ni dokata ba na barin kwana biyu a jere su wuce ban yi gumi ba ko da minti 30 ne.

Na biyu kuma masu tumbi ne, ku nake wa faɗa. Atisayen ciki ɗari biyu kullum, ga bel an ɗaure kamar za a fasa hanji, wai kitsen ya narke! A cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin an sa mutum 23 suna horar da ƙafa ɗaya kawai na wata uku, minti 45 sau huɗu a sati, da aka fitar da sakamako a 2014 sai ga canjin alamomin metil, wato 'yan alamomin da ke manne wa DNA suna ƙara wa ƙwayar gado ƙarfi ko su rage ba tare da canja ta ba, a wurare kusan 5,000 a DNA ɗin tsokar ƙafar da ta yi aiki, ɗayar ƙafar kuwa ba ta samu wannan ba. Ka ga tsoka sai wadda ta wahala ke amsawa. Amma kitse ba ya bin wannan, jiki na ɗebo shi ne daga ko'ina, ba daga inda kake murzawa ba. A jami'ar Lund an bi maza 23 wata shida suna zuwa atisayen da ke sa haki, a 2013 aka ruwaito alamomin sun canja a ƙwayoyin gado sama da 7,000 a kitsensu, alhali ko sau biyu cikakke a sati ba su kai ba in aka raba. Bel ɗin nan ruwa kawai yake matsowa, ka sha fiya wata biyu ya dawo. Ku yi tafiyar sauri, keke, tsugunni, ku sa cinya aiki don nan manyan tsokoki suke, ku rage malmalar dare.

Sai masu haɗiyar bitamin barkatai. A Jamus a 2009 an ba matasa bitamin C milgiram 1,000 da bitamin E kullum suna atisaye na sati huɗu, sai amfanin da ake samu wajen insulin, sinadarin da ke sa jiki janye suga daga jini, ya dushe, har ita PGC-1 alfa ba ta tashi yadda ya kamata ba. Ni lemu da gwaiba sun ishe ni, wanda likita ya rubuta wa nasa daban.

Kar ka auna kanka da abokinka, a wani bincike kan iyalai da ake kira HERITAGE an ba mutane horo iri ɗaya na sati 20, wasu ƙarfin numfashinsu ya ƙaru sosai wasu kusan babu, kuma abin yana bin dangi.

Sannan masu cewa tunda azumi ko jinya ta katse su komai ya lalace, haba malam. A Ingila a 2018 an sa maza ɗaga ƙarfe sati bakwai, suka huta bakwai, suka koma bakwai, wasu alamomin da ke kan DNA na nan ba su goge ba lokacin hutun, kuma a zagaye na biyu tsokar ta fi girma. Mutum takwas ne kacal, kar a cika baki, amma dai bayan sallah ka dawo ka fara da rabin nauyin da ka bari.