Yadda Za Ka Kalli Tsofaffin Finafinan Indiya Har Ka Gane Abin Da Suka Gadar

Mafi yawan masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san su ne ta hanyar jarumai, shi ya sa idan aka tambayi mutum fim ɗin da ya fi so, sai ya ce na Amitabh ne ko na Dharmendra, wanda 'yan kallo a Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, amma da wuya ya ambaci wanda ya ba da umarni ko wanda ya rubuta labarin. Hakan ya samo asali ne tun shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa 'yan asalin Labanon suka fara shigo da finafinan zuwa gidajen silima na Arewa, inda hoton jarumi ne ake liƙawa a bakin ƙofa. Sai dai duk wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa finafinan Hindi na tsakanin 1950 da ƙarshen shekarun 1970 suka zama tushen da masana'antar take tsaye a kai har yau, to wajibi ne ya bi su ta hannun daraktocinsu.

Kafin ka kunna komai, ka riƙe shekarar 1947 a zuciya, domin a cikinta ne Indiya ta sami 'yancin kai daga Ingila, kuma a cikinta ne aka raba ƙasar aka fitar da Pakistan, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, iyalai da dama suka watse. Raj Kapoor da Dilip Kumar duk a Peshawar aka haife su, Yash Chopra kuma a Lahore, garuruwan da suka koma ɓangaren Pakistan. Idan ka san wannan, ba za ka ɗauki labaran 'yan'uwan da suka ɓata tun suna yara suka haɗu bayan girma a matsayin ƙirƙirar da ba ta da tushe ba, domin masu kallon farko sun san irin wannan rabuwar a cikin danginsu.

Fim ɗin da ya dace ka fara da shi shi ne Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, kuma shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar ta finafinan harsunan waje. Labarin Radha ne, matar da surukarta ta ci bashin rufi 500 na kuɗin Indiya a hannun mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, domin hidimar aurenta, daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu ya riƙa tafiya rumbunsa kowace kaka. Mijinta ya rasa hannuwansa biyu yayin da dutse ya danne su a wajen share sabuwar gona, ya bar gida saboda kunya, ita kuma ta ci gaba da noma da 'ya'yanta. Ka tsaya sosai a wurin da Radha take jan garma da kafaɗarta saboda babu shanu, yaranta ƙanana suna turawa ta baya, ka lura da yadda kyamara take ɗaukarta daga ƙasa har ta cika allon. A nan ne daraktan yake gaya maka cewa ba mace guda yake nunawa ba, ƙasar ce gaba ɗaya. Nargis ba ta kai shekara 30 ba lokacin da ta fito a matsayin Radha tun daga amarci har tsufa, kuma Sunil Dutt da ya fito a matsayin ɗanta Birju sa'anta ne, a 1929 aka haife su duka, suka kuma yi aure a 1958.

Bayansa, kada ka bari mako ya wuce ba ka kalli Do Bigha Zamin na Bimal Roy ba, wanda ya fito a 1953 ya kuma sami kyauta a bikin finafinai na Cannes a Faransa a shekarar da ta biyo. Matsalar iri ɗaya ce, wato bashi da gona, amma Bimal Roy ya cire ado, ya kai manomin nasa birnin Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafa domin ya tara abin da zai fanshi gonarsa. Balraj Sahni ya yi wasan da za ka manta cewa ɗan wasa ne. Kallon waɗannan biyun kusa da juna shi zai nuna maka a aikace abin da ake nufi da hannun darakta, tun da ɗaya ya ɗaukaka wahala har ta zama abin girmamawa, ɗaya kuma ya bar ta yadda take.

Daga nan sai ka ɗauki darakta guda ka kalli aƙalla finafinansa biyu kafin ka matsa. A wajen Raj Kapoor, Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955 sun isa su nuna maka talakan birni mai fara'a da ya sa aka ƙaunace shi har a Tarayyar Sobiyet da Turkiyya da Sin. Amma a ganina, wanda ya fi cancantar haƙurinka shi ne Guru Dutt. Pyaasa na 1957 labarin marubucin waƙe ne da jama'a suka wulaƙanta yana raye, suka karrama shi da suka zaci ya mutu. Kaagaz Ke Phool na 1959 kuma labarin darakta ne da duniya ta juya masa baya. A waɗannan finafinan ka kalli haske da inuwa kamar yadda kake sauraron magana, musamman a Kaagaz Ke Phool, wurin da wani dogon haske yake ratsowa daga rufin ɗakin ɗaukar fim mai duhu, tsakanin Guru Dutt da Waheeda Rehman, aikin mai ɗaukar hoto V. K. Murthy. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, Guru Dutt bai ƙara sa sunansa a matsayin darakta ba, ya kuma rasu a 1964 yana da shekara 39. Abin takaici ne ƙwarai cewa bai ga ranar da aka riƙa koyar da aikinsa a makarantun fim ba.

Babban kuskuren da mai kallo a waya yake yi shi ne tsallake waƙa. A waɗannan finafinan waƙa ba hutu ba ce, ita ce take ɗauke da abin da kunya da dokar hukumar tace finafinai suka hana a faɗa ko a nuna a fili. A Mughal-e-Azam na K. Asif, wanda ya fito a 1960, Madhubala a matsayin Anarkali ba ta da bakin da za ta yi wa Sarki Akbar gardama a fadarsa, saboda haka cikin waƙa da rawa ta bayyana soyayyarta ga Yarima Salim, a wani zaure da aka lulluɓe da ƙananan madubai, hotonta yana bayyana a cikin kowanne. Wanda ya tsallake wannan wurin ya tsallake rikicin fim ɗin gaba ɗaya. Ka kuma sani cewa ba jaruman ne suke rerawa ba, mawaƙan bayan fage ne, don haka ka horar da kunnenka ya bambance muryoyinsu: Mukesh ne yawanci muryar Raj Kapoor, Lata Mangeshkar ce ta rera wa Madhubala a wannan zauren, Mohammed Rafi ya rera wa jarumai masu yawan gaske, Kishore Kumar kuma ya yi fice tare da Rajesh Khanna daga Aradhana na 1969. Ƙarfin waɗannan karin sauti ne ya sa masu bandiri a Kano suka ari wasu suka ɗora musu baitocin yabon Manzon Allah, kuma shi ne ya bar tasiri a waƙoƙin finafinan Hausa.

Sai bayan duk wannan ne ya kamata ka koma wa Amitabh Bachchan, domin a lokacin ne za ka ga abin da ya sauya. Zanjeer na 1973, da Deewaar da Sholay na 1975, duk marubuta biyu ne suka rubuta su, Salim Khan da Javed Akhtar, a shekarun da tsadar rayuwa da rashin aikin yi suka sa fatan da aka yi bayan 'yancin kai ya dusashe, har gwamnatin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a 1975. Ka ajiye Deewaar na Yash Chopra kusa da Mother India a zuciyarka, za ka tarar da uwa guda da 'ya'ya biyu, ɗaya yana bin doka ɗaya ya bijire, sai dai gona ta koma tashar jiragen ruwa ta Bombay, kuma a wannan karon tausayin mai kallo ya fi karkata ga ɗan da ya bijire.

Game da kwafin da za ka kalla, ka nemi cikakke daga tashoshin kamfanonin da suka mallaki haƙƙin finafinan, domin da yawa daga waɗanda suke yawo an yanke musu waƙoƙi da wasu fitowa. Mother India ya kusa awa uku, Mughal-e-Azam da Sholay kuma sun haura, don haka idan ka ga ɗaya daga cikinsu bai kai awa biyu ba, an taɓa shi. An tsara su ne da hutun rabin lokaci, kuma babu laifi ka raba kallon kwana biyu a daidai wannan gaɓar. Fassarar Hausa tana taimaka wa mutum ya kama labari, amma tana rufe muryar jarumi, alhali kuwa rabin gwanintar Dilip Kumar a cikin sassauta murya da yin shiru take. Saboda haka ka kalli fassarar idan kana buƙata, sannan ka maimaita da muryoyin asali. An sake fitar da Mughal-e-Azam da launi a 2004, amma ina ba da shawarar a fara da na asali, wanda yawancinsa baƙi da fari ne.

Kada ka wuce sunayen da ake jerawa a farkon fim. Ka tanadi ɗan littafi ka riƙa rubuta darakta, da marubucin labari, da mai tsara kiɗa, da marubucin baitoci, da sannu za ka ga sunaye irin su Naushad da S. D. Burman da Sahir Ludhianvi suna maimaituwa, ka kuma ga zaren da ya haɗa su da na yanzu, tun da Sanjay Dutt ɗan Nargis ne, Salman Khan ɗan Salim Khan ne, Kareena da Ranbir Kapoor kuma jikokin Raj Kapoor ne. Idan ka kai wannan matakin, sai ka gwada idonka da labari guda da aka yi fiye da sau ɗaya: ka kalli Devdas na Bimal Roy na 1955 da Dilip Kumar, sannan ka bi shi da na Sanjay Leela Bhansali na 2002 da Shah Rukh Khan, ka rubuta wuraren da na biyun ya ara daga na farko da wuraren da ya kauce masa.