Yadda Ake Rubuta Littafin Soyayya Mai Ban Dariya Kan Jarumai Biyu Masu Gaba

Marubucin da yake son gina labari a kan jarumi da jaruma waɗanda ba sa ga-maciji da juna, amma daga bisani soyayya ta shiga tsakaninsu, yana da fage a kusa da shi, wato Kannywood, masana'antar fina-finan Hausa da ta samu wannan suna a mujallar Tauraruwa a 1999, wadda kuma ofisoshinta da dama suka daɗe a titin Gidan Zoo da ke Kano. Matakin farko shi ne ka nemo wa gabar dalili daga cikin sana'ar, domin mai karatu ba zai yarda da ƙiyayyar da ta taso haka siddan ba. Wataƙila an girmama hoton jarumin a fosta an ƙanƙanta nata, alhali ita ce ta ɗauki nauyin labarin. Wataƙila kuma ya taɓa cewa a wata hira ba ta iya kuka ba sai an ɗiga mata ruwa a ido, magoya bayansu suka ɗauki maganar suka mayar da ita yaƙi a Instagram da TikTok. Ko wane dalili ka zaɓa, ka tabbata kowannensu yana da tasa gaskiyar, domin da zarar ɗaya ya zama azzalumi tsantsa, mai karatu zai ƙi amincewa da auren tun kafin a kai ga ɗaura shi.

Bayan haka sai ka haɗa su a inda babu mafita. Furodusa ya riga ya zuba kuɗinsa a shiri mai dogon zango da ake sakawa a YouTube duk mako, an tafi lokeshan a wani ƙauye mai nisa da gida, kuma janyewar ɗayansu za ta jawo asarar da ba zai iya biya ba. A nan ne mafi yawan dariyar littafin take, kuma a nan nake so marubuci ya tsaya ya ɗauki lokaci. Darakta zai ce "akshan", su fuskanci juna suna motsa baki da baitin begen da mawaƙa suka rera tun a situdiyo, tana murmushi yana dafa ƙirji. Da an ce "kat" sai kowa ya tsuke fuska, ta roƙi mai kwalliya ta gaya wa "wancan mutumin" ya daina taka mata gefen mayafi. Ka tuna cewa a fim ɗin Hausa namiji da mace ba sa taɓa juna, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido kan irin wannan. A ganina wannan iyaka alheri ce ga marubuci, saboda tana tilasta masa ya ɗora nauyin soyayyar a kan kallo da zaɓen kalma da shirun da ke biyo bayan magana.

Raha ta fi armashi idan ta fito daga al'adar da mai karatu ya sani. Idan jarumin Bakano ne, jarumar kuma Bazazzagiya, wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi zai ba su damar yi wa juna habaici a bainar jama'a, ba tare da kowa ya iya rarrabe wasa da gaske ba. Ka guji dariyar da ake yi wa naƙasa ko talauci.

Sauyin zuciya kuma a hankali ya kamata ya zo. Ta gano cewa shi ne ya biya ƙananan ma'aikata haƙƙinsu a ɓoye lokacin da sallama ta yi jinkiri, ko kuma ya je duba mahaifiyarta a asibiti bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ka lura da yadda take kiransa daga babi zuwa babi: da farko "wancan mutumin", sannan "Malam", har ranar da kunya ta hana ta ambaton sunansa gaba ɗaya. Bahaushen mai karatu zai gane abin da ya faru tun kafin ka faɗa masa. Sunaye da kamanni kuwa su zama ƙirƙirarru, kada wani jarumi na gaske ya ga kansa a ciki.

Babban ƙullin da bai kamata ka tsallake ba shi ne makomar sana'arta. Abin da aka saba gani a Kannywood shi ne jaruma ta bar fitowa a fim idan ta yi aure, shi kuwa jarumi ya ci gaba da aikinsa. Matar da ta yi babi ashirin tana fafutukar ganin sunanta a saman fosta ba za ta ajiye wannan buri a shafi guda ba tare da muhawara ba. Ka zaunar da su su yi wannan magana, iyayensu ma su sa baki, sannan ka yanke ko za ta koma bayan kyamara ta zama furodusa ko marubuciya, ko kuwa za ta sa sharaɗinta tun kafin a kawo lefe.