Darasi na Tara: Na'urar Taimakon Numfashi Lokacin Barci

Ba kowane minshari ne ciwo ba. Amma akwai minsharin da kan yanke ɗif, mutum ya yi tsit kamar numfashinsa ya tafi, can sai ya zabura da gurnani, ya ci gaba da barci. Mai wannan hali galibi bai san yana yi ba, wanda ke kwana kusa da shi ne ke gani. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da gindin harshe kan saki su toshe hanyar iska. Likitoci na ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a cikin awa ɗaya, ciwon mai sauƙi ne. Daga sau 30 zuwa sama, ya yi tsanani. Irin wannan mutum yakan tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi, wani ma har a kan sitiyari. In aka bar ciwon, yana iya jawo hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Yadda na'urar ke aiki

Sunanta CPAP. Wani likita a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da wannan dabara, aka wallafa sakamakon gwajinsa a 1981. Ba iskar oksijin take bayarwa ba. Iskar ɗaki take zuƙa, ta tace, ta turo ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke fuska. Ƙarfin iskar ne ke riƙe maƙogwaro a buɗe, kamar yadda iska ke riƙe balan-balan. Ku lura, ba ta warkar da ciwon. Duk daren da ba a sa ta ba, toshewar na nan.

Kafin a fitar da kuɗi

Kada a sayi na'ura don kawai ana minshari. A fara zuwa wurin likita, a yi gwajin barci, ko a asibiti ko da 'yar na'urar da ake kwana da ita a gida. Daga gwajin ne likita zai rubuta lambar ƙarfin iska, wadda galibi takan faɗo tsakanin 4 da 20. Wannan lamba ta mutum ɗaya ce. In ta yi ƙasa, maƙogwaro zai ci gaba da rufewa. In ta yi yawa, mutum ya haɗiyi iska, ya tashi ciki a kumbure. Shi ya sa aron na'urar wani ba dabara ba ce.

Akwai mai hura iska da ƙarfi ɗaya har safe, akwai APAP mai ƙarawa da ragewa da kanta, sai BiPAP mai sassautawa lokacin fitar da numfashi. Likita ne zai zaɓa.

Inda ya kamata mai saye ya ɓata lokaci shi ne wajen takunkumi, domin sau da yawa shi ke sa mutane su jingine na'urar. Mai shaƙa ta hanci zai iya ɗaukar ƙaramin da ke zama a ƙofar hanci ko mai rufe hanci kaɗai. Wanda bakinsa ke buɗewa cikin barci, mai rufe hanci da baki ya fi masa. A gwada shi a kwance, na'ura a kunne, ba a tsaye gaban madubi ba, don fuska na sauyawa idan an kwanta. A juya dama, a juya hagu. In iska na tsiyaya tana hura ido, kada a yi ta ɗaure igiya har ta bar shaida a karan hanci. A ɗaga takunkumin kaɗan, a sake zaunar da shi. In ya ƙi, girman ne bai dace ba.

Mai son ta hannu ya duba adadin awannin da ta yi aiki, yana cikin na'urar. Ya kuma bincika samfurinta, saboda a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, don soson rage ƙara da ke cikinsu yana marmashewa. Tiyo, takunkumi da matatar iska kuwa, sababbi kawai. A tambayi mai sayarwa ko ana samun kayan canji, da tsawon garanti, da ko tana aiki da batir idan wuta ta ɗauke.

Makonnin farko

Da wuya a ji daɗinta daren farko. A riƙa sa takunkumin da rana na ɗan lokaci, ana zaune, har fuska ta saba. Yawancin na'urorin na da maɓallin da ke fara iska a hankali kafin barci ya ɗauke mutum. Idan hanci na bushewa, a zuba tataccen ruwa marar gishiri, irin na kantin magani, a 'yar tankin da ke jiƙa iskar, a zubar da ragowar da safe. Kullum a goge takunkumi, sau ɗaya a mako a wanke tiyo da sabulu mai laushi da ruwan ɗumi, a rataye ya bushe sarai. Idan an yi wata guda har yanzu ana gyangyaɗi da rana, a koma wurin likita da na'urar, tana ajiye bayanin kowane dare.