Mu kula da ƙwayoyin da ke hanjinmu

'Yan uwa, ba duk bakteriya ke sa cuta ba. Akwai masu amfani jingim a babban hanji. Su ke narkar da harzar wake, zogale da dusar gero, su fitar da sinadarin butiret mai ciyar da bangon hanji, ya kwantar da kumburi, ya taimaki garkuwar jiki. Cin abinci mai harza yana rage haɗarin kansar babban hanji.

Abin da ke damuna shi ne kafso, wato maganin kashe bakteriya. Da mura ta kama mutum sai ya ruga kemis ya sayo ja-da-yalo, alhali ba ya maganin mura, masu amfanin nan yake kashewa. Don Allah kada a sha sai likita ya rubuta. Wajen surfe kuma, a riƙa bar wa geron 'yar dusarsa.