Darasi na Bakwai: Gara da Ƙwarin Katako a Gida

A zangunan Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, kuma katako ne ke riƙe da kwanon rufi da silin da ƙyaure da taga. Ƙwari iri biyu ne suka fi yi masa ɓarna.

Babbar cikinsu ita ce gara. Gidanta a cikin ƙasa yake, wani lokaci nesa da ɗakin da take ci. Jikinta ba ya jure rana da busasshiyar iska, shi ya sa take gina siririyar hanya ta laka a jikin bango, ta bi ta ciki har ta kai ga katako. Ciki take ci, ta bar bayan sumul. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga, ta riga ta yi aiki. A can ƙasa kuwa akwai sarauniya mai yin ƙwai dubbai a kullum, don haka wanda ya fesa wa waɗanda ya gani magani bai taɓa tushen ba. Shingen nan da ke taruwa a fitila bayan ruwan farko, su ne masu fita neman wurin kafa sabon gida. In ka tarar da fukafukansu zube a cikin ɗaki, ka bincika.

Danshi ne ke jawo ta, ga shi Kumasi damina biyu take yi a shekara. Famfo mai yoyo, kwata da ta toshe, ruwan wanki da na alwala da ke kwanciya a gindin bango, duk a gyara su. Kada a jingina itacen girki ko kwali da bango. Akwatin littattafai ma a ɗaga shi daga ƙasa, domin gara tana cin takarda, kuma asarar littafin da aka gada ta fi ta ƙyaure ciwo.

Na biyun ƙaramin ƙwaro ne mai yin ƙwai a jikin katako. Tsutsarsa ke ci, alamarta kuma ƙananan huji da gari mai laushi a ƙarƙashin gado ko kabad. Ya fi son katako mai taushi, irin wanda ake kira wawa, da na rimi.

In za ka sayi katako a kasuwar katako ta Sokoban, ka faɗa wa kafinta inda za a sa shi. Katakon odum da na kusia suna jure gara, amma da tsada. Wawa na da arha, sai dai a ganina sa shi a rufi ba magani zubar da kuɗi ne. A shafe katako da magani kafin a ɗora, musamman bakin da zarto ya yanka, kuma kada ƙafar firam ɗin ƙofa ta taɓa ƙasa, a ɗora ta kan siminti. Baƙin man mota da mutane ke shafawa, a saman katakon yake tsayawa, ba ya shiga ciki sosai.

Maganin gara guba ne. Ka sayi wanda hukumar kare muhalli ta EPA ta yi wa rajista, ka sa a karanta maka rubutun kwalbar. Sa safar hannu, rufe hanci, fitar da yara da abinci. Kada a juye shi a gorar ruwan sha, kada kuma a zuba kusa da rijiya.

Ɗan haya da ya ga hanyar laka ya gaya wa mai gida da maƙwabta, tunda katakon rufin ɗakunan a haɗe yake. In ɓarnar ta kai rufi, a kira kafinta ya canza abin da ya lalace, ko a nemi shawara a cibiyar binciken gandun daji ta FORIG da ke Fumesua.

Aikin wannan mako: zagaya ɗakinka da tocila, ka karya duk hanyar laka da ka gani. Bayan kwana 3 ka koma. In an sāke gina ta, garar tana nan da rai, sai ka rubuta wurin a littafinka ka zo da shi aji.