Yadda Ake Gina Samfurin Fuluto da Watanninta Biyar a Filin Makaranta

Malamin kimiyya a Bauchi ba shi da halin fitar da ɗalibansa da dare ya nuna musu Fuluto, ƙaramar duniyar da ke kewaya rana daga can nesa, domin tazararta da rana ta kai kimanin kilomita biliyan 5.9, ido ba ya ganinta, kuma ko a babbar na'urar hangen nesa ɗigon haske kawai take. Abin da ke hannunsa shi ne ya gina ta da yumɓu bisa ma'auni na gaskiya. Na dage kan ma'aunin ne saboda zanen da ke cikin littattafai yakan cusa watannin kusa da juna don shafi ya ɗauke su, sai yaro ya tashi da hoton da bai dace da zahiri ba.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne santimita 1 ta tsaya a madadin kilomita 200. Za a buƙaci yumɓu mai kyau irin na masu ginin tukwane, da siririyar sandar gora da ta ɗan haura mita 1, da igiya, da tef ɗin tela, da toka, da farar ƙasa, da jar ƙasa, da garin gawayi. Faɗin Fuluto kilomita 2,377 ne, don haka za a mulmula dunƙule mai faɗin santimita 12. Babban watanta, Charon, wanda James Christy ya gano a 1978, faɗinsa kilomita 1,212 ne, wato dunƙule mai santimita 6. Tun yumɓun yana ɗanye za a soka sandar har tsakiyar kowane dunƙule, a tabbatar akwai santimita 98 daga tsakiya zuwa tsakiya, domin tazarar da ke tsakaninsu a sararin samaniya kimanin kilomita 19,600 ce. A shanya su a inuwa, musamman idan lokacin hunturu ne, saboda iskar takan tsattsage yumɓun da ya bushe da gaggawa.

Bayan sun bushe sai a zo ga matakin da na fi ba muhimmanci. A ɗaura igiya a jikin sandar, a riƙa matsar da ƙullin a hankali har sandar ta tsaya a kwance ba tare da ta rinjaya gefe guda ba. Ɗalibai za su ga cewa ƙullin ya tsaya a wajen dunƙulen Fuluto, kimanin santimita 11 daga tsakiyarsa, ko da yake nauyin gorar kan ɗan ja shi zuwa ɓangaren Charon. Dalili shi ne, dunƙulen da faɗinsa rabin na wani ne, nauyinsa kashi ɗaya cikin takwas ne idan yumɓunsu ɗaya, kuma kusan haka nauyin Charon yake idan aka gwada shi da na Fuluto. A zahiri ma cibiyar da suke kewayawa tana a fili ne tsakaninsu, sama da kilomita 2,000 daga tsakiyar Fuluto. A rataye igiyar a reshen bishiya, a juya sandar, yara su gani da idonsu cewa dukansu biyu ne ke zagaye, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa da fuska guda. Zagaye ɗaya yana ɗaukar kwana 6.4 irin namu, kuma tsawon yini da daren Fuluto ke nan. Wanda ya tsaya a ɓangaren da ke kallon Charon zai gan shi a wuri guda a sama kullum, wanda ke ɗaya ɓangaren kuwa ba zai taɓa ganinsa ba.

Sauran watannin huɗu ƙanana ne ƙwarai, kuma na'urar hangen nesa ta Hubble ce ta gano su: Nix da Hydra a 2005, Kerberos a 2011, Styx a 2012. A kafa turke a ƙasa daidai ƙarƙashin ƙullin igiyar, a auna daga nan, a zana da'ira huɗu da toka. Ta Styx tana a santimita 213, ta Nix a 243, ta Kerberos a 289, ta Hydra a 324. Nix da Hydra tsawon kowane bai wuce kimanin kilomita 50 ba, saboda haka ƙwayar gero ta ishe su, Styx da Kerberos kuwa ba su kai kilomita 20 ba, ƙwayar yashi ce daidai da su. A manna kowace ƙwaya a farar takarda, a ba yara huɗu su riƙe, su yi tafiya a kan da'irorin ta fuskar da sandar ke juyawa. Styx yana kammala zagayensa cikin kimanin kwana 20, Nix 25, Kerberos 32, Hydra 38, wato kusan ninki uku, huɗu, biyar da shida na zagayen Charon. Don haka mai riƙe da Hydra zai daidaita takunsa yadda sai sandar ta juya sau shida kafin ya dawo inda ya tashi. Masana da dama suna ganin wani babban karo da ya auku tun farkon tarihin Fuluto ne ya haifar da watannin nan duka.

Shafa launi yana buƙatar malam ya fara nuna wa ɗalibai hotunan kumbon New Horizons na hukumar NASA, ko da a waya ne. An harba kumbon a watan Janairun 2006, ya wuce kusa da Fuluto ranar 14 ga Yulin 2015 a tazarar kimanin kilomita 12,500, kuma kusan duk abin da aka sani dalla-dalla game da doronta daga wannan wucewa guda ya fito. A ɓangaren da ya juya wa Charon baya za a zana farin fili mai siffar zuciya da farar ƙasa, faɗinsa kimanin santimita 8. Sunansa Tombaugh Regio, don tunawa da Clyde Tombaugh wanda ya gano Fuluto a 1930. Rabinsa na yamma, Sputnik Planitia, a goge shi ya yi sumul, kada a bar masa ko rami ɗaya.

Ya kamata malam ya tsaya a nan ya yi bayani sosai, domin rashin ramin yana da ma'ana babba. Duk wani doro da ya daɗe a sararin samaniya, duwatsun da ke faɗowa sukan bar masa ramuka, kuma da yawan ramukan ake ƙiyasta shekarunsa. Wannan fili mai faɗin kimanin kilomita 1,000 ba a ga rami ko ɗaya a kansa ba, abin da ya sa aka ƙiyasta cewa fuskarsa ba ta wuce shekara miliyan 10 ba. Cike yake da ƙanƙarar naitirojin, iskar da ta fi yawa a cikin wadda muke shaƙa, wadda sanyin wurin, kimanin digiri 230 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, ya daskarar. Ƙanƙarar tana da laushi, ɗan ɗumin da ke fitowa daga ciki yana ɗago ta a hankali ta tsakiya ta nutse ta gefe, kamar yadda kunu ke juyawa a tukunya, sai dai nata juyin na dubban ɗaruruwan shekaru ne. A ja siraran layuka da tsinke a kan filin don nuna gidajen da wannan juyi ya tsaga.

A bakin filin ta yamma akwai duwatsu na ƙanƙarar ruwa, wadda a irin wannan sanyi take da taurin dutse. Cikinsu akwai jerin da aka sa wa sunan al-Idrisi, masanin taswira na ƙarni na 12, da waɗanda ke ɗauke da sunayen Tenzing da Hillary, mutanen farko da suka hau ƙololuwar dutsen Everest. Dutse mai tsayin kilomita 3 a ma'auninmu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, don haka idan an ɗan tsikaro yumɓun don a nuna su, wajibi ne a gaya wa yara cewa an ƙara musu tsayi. Yamma da zuciyar, a kan ɗamarar tsakiya, a shafa jar ƙasa gauraye da gawayi. Wannan baƙin yanki tsoho ne mai ramuka da yawa, kuma launinsa ya samo asali ne daga sinadaran da ke haɗuwa idan hasken rana ya bugi iskar metan da naitirojin. A huda masa ramuka da kan tsinke. Charon kuwa a shafe shi da toka, domin doronsa galibi ƙanƙarar ruwa ce, a ɗiga jar ƙasa a ƙuryarsa ta arewa, sannan a ja masa zurfafan tsage a tsakiya don nuna kwazazzaban da suka ratsa shi.

Da wuya a gama ba tare da wani ɗalibi ya tambayi inda rana take a wannan samfuri ba. A bar su su yi lissafin da kansu: idan aka raba kilomita biliyan 5.9 da 200, za a samu santimita miliyan 29.5, wato kilomita 295, kusan tafiyar mota daga Bauchi zuwa Gombe a dawo. Ranar kanta za ta zama ƙwallo mai faɗin kimanin mita 70, duniyarmu santimita 64, watanmu kuma santimita 17, wanda ya nuna cewa ya fi Fuluto girma. Idan akwai sauran yumɓu, a mulmula watan namu a ajiye shi kusa da Fuluto domin a gwada su ido da ido.